Iskar dariya ko ƙwayar kwantar da hankali? Amsa ga Hajiyar Aboabo

Assalamu alaikum. Hajiya, sannu da jiki, Allah Ya kawo sauƙi. Tunda shawararki tsakanin iskar dariya ce da ƙwayar kwantar da hankali don rage tsoron aikin haƙori, kuma kina tambaya ko hoton haƙorin (X-ray) da likita ya rubuta miki dole ne, ga tawa: ki zaɓi iskar, amma ki fara da hoton.

Ni iskar aka shaƙa mini lokacin da aka cire mini haƙorin turmi na ƙasa a wani asibitin kuɗi nan Kumasi, kuma ni ce wadda ƙarar injin haƙori kaɗai ke sa cikina ya murɗa. Wani ɗan murfin roba nas ta ɗora mini a hanci, ta ce in ja numfashi yadda na saba. Cikin 'yan mintuna hannuwana suka yi ɗumi, kafaɗuna suka saki. Ban yi barci ba, ina jin duk abin da likita ke faɗa, har muka yi da shi cewa in na ɗaga hannun hagu zai dakata. Na ɗaga ɗin kuwa don in gwada shi, ya dakata yana dariya. Da aka gama suka bar ni da iskar oksijin zalla kamar minti 5, kaina ya washe, na fito da ƙafata na hau trotro, wato motar haya, zuwa Asawase ba ɗan rakiya.

Sunanta a wurin likitoci naitiros oksaid, kuma tsohon abu ne: tun 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya sa aka cire masa nasa haƙorin da ita. Haɗa ta ake yi da oksijin, likita yana ƙarawa yana ragewa gwargwadon yadda ya ga jikinki, kuma ta numfashi take fita da an rufe ta. Abin da ya sa na fi yarda da ita ke nan, linzamin yana hannun likita daga farko har ƙarshe. Sai dai ki sani, tsoro take ragewa, ba ta ɗauke miki allurar kashe zafi ba. Za a yi miki allurar a dasashi, amma ki roƙa a fara shafa miki man da ke kashe wurin. Idan hancinki a toshe yake da mura, ki ɗage ranar, don ta hanci ake shaƙa. Mai ƙaramin ciki da mai tsananin ciwon huhu kuma su faɗa wa likita tun a bakin ƙofa. Ba kowane asibitin haƙori ke da na'urar ba, ki buga waya ki tambaya kafin ki ɓata kuɗin mota.

Ƙwayar kuwa, an taɓa rubuta mini diazepam, to ba laifi, ta yi aiki, amma yinin nan gaba ɗaya na yi asararsa ina layi a ɗaki. Tana ɗaukar wajen rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ta kama, in ta shiga ciki ba a iya rage ta, kuma dole wani ya raka ki ya dawo da ke.

Akwai ta uku da ba ki ambata ba, wato allurar jijiya, galibi midazolam. Ita ce ta mai tsoron da ko kujerar ba ya iya zama, ko wanda za a daɗe ana yi masa aiki. Mutum yakan manta yawancin abin da aka yi masa. Amma ba a yin ta sai inda akwai ƙwararre da na'urar da ake maƙala wa a yatsa tana auna iskar jini, kuma ba tuƙi ba girki har awa 24. Mai sikila, mai hawan jini da mai ciwon suga, ni dai babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye zan ce su nufa da irin wannan, ba ƙaramin shago ba.

To hoton. Likita da idonsa saman haƙori kawai yake gani, alhali saiwar ta fi tsawo kuma tana binne cikin ƙashin muƙamuƙi. Hoton ne ke nuna ko saiwar ta lanƙwashe, ko mugunya ta taru a gindinta, ko ma haƙorin bai kai a cire shi ba, ciko ko wankin jijiyar cikin haƙorin ya ishe shi. Shi ne kuma zai nuna ko aikin gajere ne da iskar za ta wadatar, ko dogo ne mai buƙatar allurar jijiya. Kin ga zaɓen magani kafin hoto yanka atamfa ne ba a gwada mai ita ba. Har mugunyar ma tana da ruwa da tsaki a nan, don inda ta taru allurar kashe zafi ba ta kamawa sosai, kuma da yawan masu cewa an yi musu allura amma sun ji komai, abin da ya same su ke nan.

Hoton iri biyu ne. Ƙaramin, wanda ake sa miki ɗan faifai a baki, haƙora biyu ko uku yake ɗauka, ya fi araha kuma ya fi fito da saiwa tsaf. Babban, wanda suke rubutawa OPG, tsayawa za ki yi na'ura ta zagaye kanki ta ɗauko baki gaba ɗaya. Idan haƙori ɗaya ne mai kogo, ƙaramin ya isa. Idan na can ƙuryar baki ne da ya fito a karkace, ki yi babban, domin akwai jijiyar da ta bi ta ƙarƙashinsa, in aka taɓa ta leɓe kan mutu na tsawon lokaci. Batun tururin hoto da ake tsorata mutane da shi, ƙaramin bai wuce abin da jiki ke sha daga ƙasa da sararin sama a yini guda ba, babban kuma na 'yan kwanaki. Mai ciki dai ta sanar da su.

Yanzu gargaɗin da ba ki tambaya ba. Kada kowa ya ce ki sayi Valium (wato diazepam ɗin nan) ko tramadol a ɗan shagon magani ki sha kafin ki tafi don ki samu ƙarfin zuciya. Idan aka ɗora miki wani maganin a kai ba a sani ba, numfashi ne ke iya tsayawa. Masu tallar "maganin tsutsar haƙori" a cikin mota da gefen kasuwar Kejetia kuma, babu wata tsutsa a haƙori, kuma wasu ruwan da suke sayarwa ƙona dasashi suke yi. Ko a asibitin kuɗi ki buɗe ido: wani zai caje ki kuɗin "barci" alhali allurar dasashi kaɗai ya yi, wani kuma OPG yake tura kowa ko da kogo ɗaya ne. Ki duba takardar rajistar likitan daga majalisar likitoci da likitocin haƙori ta Ghana, ki sa a rubuta miki farashi daki-daki kafin ki zauna. Katin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasar Ghana, yana ɗaukar cire haƙori da ciko mai sauƙi a asibitin da ke karɓarsa, don haka ki tafi da naki, ki tambayi kuɗin iskar daban. Hoton kuma ki ce a ba ki shi ko a tura miki ta WhatsApp, kada ki sake biya idan aka tura ki wani wuri.