Proxmox VE a ma'auni: ta dace da kamfanin da ke tasowa a Gombe?

Kamfanin da ya fara girma, a ce mai sarin magani a Gombe da rassa a Kumo da Bajoga, yakan wayi gari da kwamfutoci barkatai: ta lissafin kuɗi daban, ta kayan sito daban, ga wata a ƙarƙashin tebur tana riƙe da takardun kowa. Ranar da faifan ɗaya ya mutu, ciniki ya tsaya cak. Aikin manhajar Proxmox VE shi ne ta tattara su cikin saba guda, wato babbar kwamfuta mai yi wa sauran hidima, ta raba ƙarfin sabar gida-gida, kowane gida ya zama kwamfuta mai zaman kanta da Windows ko Linux ɗinta.

Wani kamfani ne a Biyana, babban birnin Ostiriya, ke yin ta tun 2008, a kan Debian, wani nau'in Linux. Kyauta ake saukewa, sai wanda ke son tallafin kamfanin ya biya kuɗin shekara. Tun da kamfanin Broadcom ya sayi VMware, mai manhajar kuɗi da ke irin wannan aiki, a ƙarshen 2023 ya daina sayar da lasisin dindindin, masu ƙaramin ƙarfi da yawa suka karkato nan, kuma da dalili: haɗa sabobi, ƙaurar da kwamfuta daga wannan saba zuwa waccan tana aiki, da kwafin ajiya, duk suna cikin ta kyautar.

Ɗora ta ba wuya. A kunna VT-x ko AMD-V, saitin da ke ba da damar raba kwamfuta gida-gida, a BIOS, wato shafin saitin farko na na'urar, a ɗora daga filashi, sauran aiki duk ta burauza ne, a rubuta adireshin sabar a ƙara 8006, lambar ƙofar shiga shafin sarrafa ta. Sabuwar ɗorawa takan nemi sabuntawa daga rumbun masu biyan kuɗi, sai ta yi ta nuna kuskure. A sauya zuwa rumbun da ba ya neman biyan kuɗi. Wanda zai sa Windows kuma ya tanadi direbobin VirtIO, ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da kayan sabar, in ba haka ba Windows na iya kasa ganin faifan.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne faifai. Tsohuwar saba Dell PowerEdge R730 mai RAM gigabayit 64 ta isa ɗaukar kwamfutoci biyar ko shida na ofis. Amma idan za a yi amfani da ZFS, tsarin adana bayanai a faifai wanda shi ya fi dacewa, dole a mayar da katin RAID, mai haɗe faifai su zama kamar ɗaya, zuwa yanayin HBA, inda yake miƙa kowane faifai daban, domin ZFS na son ganin kowane faifai ido da ido kafin ya iya gano lalacewa ya gyara. A sa faifan SSD biyu masu kwafin juna, irin na saba masu kariya daga ɗaukewar wuta. SSD na laftof ya fi araha, amma yawan rubutun da Proxmox ke yi dare da rana yana cinye shi da wuri, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, abin da ke hanya ya tafi.

Wutar ma ita ce babbar magana a nan. Irin wannan saba takan ja wat 200 ko kusa da haka, wato wajen kilowat-awa biyar a kwana guda, ban da na'urar sanyaya ɗaki. Inbata da batir da sola sai a lissafa su tun farko cikin kuɗin sabar. A haɗa UPS, na'urar batir mai riƙe wuta, da manhajar NUT mai lura da ita, yadda idan batir ya yi ƙasa sabar za ta kashe kwamfutocin cikin tsari. Zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu kuwa, ɗaki rufaffe suke buƙata, da hure fankoki lokaci-lokaci.

Rauninta a fili yake. Duk ƙwan kamfani ya koma kwando guda, don haka kwafin ajiya ya zama tilas. Hoton gaggawa da ake ɗauka kafin sabuntawa ba ajiya ba ne, tunda a faifai ɗaya yake zaune da asalin. A sa Proxmox Backup Server, manhajar kwafin ajiya ta kamfanin, a wata na'ura dabam, a tura kwafi na biyu reshen Kumo da dare, sannan kowane wata a gwada dawo da kwamfuta ɗaya a gani da ido. Haka kuma haɗa sabobi biyu kacal tarko ne, domin haɗaɗɗun sabobi da rinjayen ƙuri'a suke yanke hukunci: ɗaya ta faɗi, ta biyun ta rasa rinjayen ƙuri'a, ta ƙi tayar da komai. Sai uku, ko biyu da ƙaramar na'ura mai ƙuri'a ta uku.

Kada a buɗe ƙofar 8006 ga intanet. Rassa su shigo ta WireGuard, manhajar da ke buɗe keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro ta intanet. Kuma duk wannan na buƙatar ma'aikacin da ya san Linux, ba mai gyaran firinta kawai ba. Shago mai kwamfuta ɗaya ko biyu ya haƙura tukuna. Mai huɗu zuwa sama da rassa, ya fara da saba ɗaya da na'urar ajiya ɗaya, ya ƙaurar da kwamfutar takardu, ya bar ta lissafin kuɗi sai gwajin dawo da kwafi ya yi kyau.