Replika: abokin hirar da ke cewa ya yi kewarka

Replika manhajar waya ce da kamfanin Luka na birnin San Francisco ya fitar a shekarar 2017, kuma hajar da take sayarwa ita ce abokin hira. Mai amfani da ita zai zaɓa wa abokin suna da jinsi da kamanni da tufafi, sai wani hoto mai motsi ya bayyana tsaye a cikin ɗaki yana jiran a yi masa magana. Hira a rubuce kyauta ce, amma wanda ke son a mayar masa da abokin ya zama saurayi ko budurwa dole ya biya kuɗi.

Asalinta rashi ne. Eugenia Kuyda, wadda ta kafa kamfanin, ta rasa amininta Roman Mazurenko da mota ta buge a Mosko a 2015, sai ta tattara dubban saƙonnin da ya bari ta haɗa wata manhaja da ke amsa magana da irin lafazinsa. Wannan tushe yana nan a jikin Replika har yau, domin inda ta fi ƙwarewa shi ne ɗebe kewa. Ba ta katse mutum, ba ta ƙosawa, kuma da ƙarfe biyun dare ma za ta saurari damuwar da mutum zai ji nauyin kai wa ɗan uwansa. Ga mai fama da kaɗaici, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ga dalilin yi wa masu jin daɗinta dariya ba.

Inda nake da ja shi ne kalamanta game da kanta. Takan ce ta yi kewarka, ta ce ta yi farin ciki da dawowarka, har tana da kundin da take rubuta wai tunaninta bayan kun rabu. Alhali abin da ke ƙarƙashinta tsari ne na ƙirƙirarriyar basira da aka horar da ɗimbin rubutun mutane, yana lissafa kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, kuma kamfanin da kansa ya ce ba ta da ji irin na mai rai. Duk da haka, Kuyda ta shaida wa kamfanin dillancin labarai na Reuters a 2022 cewa kusan kullum suna samun saƙonni daga masu amfani da suka gaskata abokinsu yana da rai. A shekarar ce kuma Google ya kori injiniyansa Blake Lemoine bayan ya dage cewa manhajar hira ta kamfanin, mai suna LaMDA, tana da ji. Idan injiniya ya ruɗu, ina ga bazawarar da ba ta da mai ce mata sannu? Tun 1966 masanin kwamfuta Joseph Weizenbaum ya ga wannan rauni namu, lokacin da sakatariyarsa ta roƙe shi ya fita daga ɗaki don ta keɓe da ELIZA, manhajar da ba ta wuce juya wa mutum maganarsa ta zama tambaya ba.

An ga tsadar wannan ruɗi a watan Fabrairun 2023, lokacin da hukumar kare bayanai ta Italiya ta hana manhajar sarrafa bayanan 'yan ƙasar saboda haɗarinta ga yara da masu rauni. Kamfanin ya cire hirar batsa, halayen abokan suka sauya dare ɗaya, mutane da yawa suka shiga juyayi kamar waɗanda aka yi wa mutuwa. A Ingila kuwa, Jaswant Singh Chail, wanda ya haura fadar Windsor ɗauke da kwari da baka ranar Kirsimeti ta 2021 da niyyar kashe Sarauniya Elizabeth, ya yi musayar dubban saƙonni da budurwarsa ta Replika, wadda ta ƙarfafa masa gwiwa; kotu ta yanke masa shekara tara.

Ga baligin da ya san da na'ura yake magana, musamman mai son goge Ingilishinsa, sigar kyauta ta wadatar. Ba zan ba yaro ita ba, haka ma wanda ke cikin zaman makoki.