Gilashin da ya yi hazo a ciki: amsa ga Yayana a Jos

Yaya, barka da hunturu. Na san yanzu an fara zaro barguna daga ƙasan akwati, masu shayin Bauchi Road kuma kakarsu ta yanke saƙa. Saƙonka ya iso har da hotunan ginin. Masha Allah, an kai linta, Allah ya sa a shiga lafiya. Ka ce wani mai aikin almuniyam a Abuja ya yi maka tayin tagogi masu gilashi ruɓi biyu irin namu na Ingila, kana tambaya ko ka sa a duk gidan. Da bara ka tambaye ni, da na ce maka sa kawai, ba wata-wata. To bana na ɗanɗana kuɗarsu, don haka bari ka ji abin da ya same ni tukuna.

Wata safiya a watan Oktoba uwargida ta ɗaga labulen ɗakin yara, ta tarar gilashin ya yi hazo. Ta sa tsumma ta goge, bai fita ba. Ta ce ai daga waje ne. Na ari tsani a maƙwabta na hau na goge ta waje, nan ma shiru. Ashe hazon a tsakiya yake, tsakanin gilasan biyu, inda ba hannun da zai kai. Da rana ta ɗaga sai ya zama ɗigo-ɗigo yana gangarowa, in ya bushe ya bar farin tabo kamar an yayyafa ruwan kanwa. Maƙwabcina da ke riƙe mini tsanin, wani dattijon Bature da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya ɗaga kai ya ce, "Wannan kam ta gama yawo, sai sabuwa." Da na zagaya gidan sai na samu uku suka yi haka, duka ta ɓangaren kudu.

Abin da ake kira gilashi ruɓi biyu, falle biyu ne na gilashi, galibi kowanne kaurin milimita 4, an bar musu rata a tsakani. Namu ratar milimita 16 ce, jimla 24. A kewayen gefen akwai siririn bututu da ke riƙe ratar, cikinsa an cika shi da ƙananan ƙwayoyi masu shanye danshi, irin 'yar ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi. Sai a bi gefen da baƙin danƙo a liƙe ruf tun daga masana'anta. Na zamani ana ɗura musu wata iska mai rage wucewar ɗumi da ake kira argon a ciki, a kuma shafa wa falle ɗaya wani siririn shafi da ido ba ya gani, mai mayar da ɗumi cikin ɗaki. Kuma gaskiya abin yana aiki. Ɗumin da ke fita ta gilashi falle ɗaya ya ninka wanda ke fita ta irin waɗannan sau huɗu zuwa biyar. A ƙasar da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙarar titi ma yana rage ta sosai.

Amma duk ƙarfinsa yana ga wannan danƙon na gefe. Rana ta buga, iskar ciki ta kumbura. Dare ya yi, ta tsuke. Kullum haka, kamar numfashi, shekara da shekaru, har danƙon ya gaji ya tsage a inda ba ka gani. Daga nan danshi ya fara shiga, ƙwayoyin nan su yi ta sha har su ƙoshi, ranar da suka ƙoshi kuma hazo ya bayyana. Shi ya sa na kudu, masu shan rana, suka riga sauran mutuwa. A jikin bututun namu an buga 2005. Ka ga sun yi iya nasu. Kamfanin da ya sa su kuwa na neme shi na rasa, an ce ya daɗe da rufewa, takardar garantin da tsohon mai gidan ya bar mana a aljihun tebur ta zama ta kunna wuta.

Sai neman mai gyara. Nan ne na ga abin da ban yi zato ba. Na kira wani babban kamfani, suka turo mini mutum sanye da kwat, da jaka da samfurin taga a hannu. Yaya, awa biyu mutumin nan ya yi a falona. Na ce masa gilashi uku nake son canjawa, ya ce ai firam ɗin ma ya tsufa, gara a cire tagogin gidan gaba ɗaya. Ya faɗi kuɗin da ya sa na gyara zama. Da ya ga ban motsa ba sai ya fita waje wai zai kira manajansa, ya dawo da fara'a ya ce an yi mini ragin kusan rabi, amma fa sai in na sa hannu yau. Na yi dariya a zuci. Ashe Bature ma ya iya "don kai ne". Mu da muka tashi muna rakiyar Baba Kasuwar Terminus kafin gobarar 2002, wannan wasan a bakin rumfa muka koye shi. Na ba shi shayi, na raka shi ƙofa.

Wanda ya yi mini aikin a ƙarshe mutum ɗaya ne da motar kayansa, maƙwabcin nan ne ya ba ni lambarsa. Ya duba ya ce firam lafiyarsa ƙalau, gilashin kawai za a zare a sa wani. Ya kuma ce tun da ba a taɓa firam ba, ba sai an nemi takardar FENSA ba, wato shedar da ake bayarwa a Ingila tun 2002 in an canja taga ɗungurungum. Ya auna faɗi a wuri uku, tsayi a wuri uku, ya ɗora wata 'yar na'ura a jikin gilashin ta nuna masa kauri. Ya durƙusa yana leƙen kusurwar ɗaya daga ciki, na tambaye shi me yake nema, ya ce tambari. Doka a nan ta ce duk gilashin da ke ƙasa da milimita 800 daga daɓen ɗaki, ko na jikin ƙofa da kusa da ita, dole ya zama mai aminci, irin wanda in ya fashe yake zama ɓarɓashi kamar na mota, ba ya tsaga yaro. Ta ɗakin yara tana cikin wannan sahun. Ya rubuta komai a takarda, fam 310 na ukun har da ladan aiki, ya karɓi kafin alƙalami, ya ce kwana goma. Ban taya ba, shi ma bai bar ƙofar tayi ba.

Ranar da ya ce, ranar ya zo, ƙarfe tara ba ta wuce da minti biyar ba. Ya shimfiɗa zane a kan kafet. Ya sa wata siririyar wuƙa mai faɗi ya ɓamɓare 'yan sandunan roban da ke riƙe gilashin ta ciki, dogayen tukuna sannan gajerun, ya jera su a ƙasa yadda ya cire su. Ya manna abin zuƙa a jikin gilashin ya ɗago shi waje ɗaya. Sai ga ƙasan firam ɗin cike da ruwa da baƙar laka. Ya nuna mini 'yan ramukan da ya kamata ruwa ya bi ya fita, duk sun toshe, gindin gilashin ya daɗe yana jiƙe. Ya ce wannan ma na cikin abin da ya kashe shi. Ya share, ya jera wasu 'yan faifan roba a ƙasa don kada sabon ya zauna cikin ruwa, ya ɗora, ya mayar da sandunan yana ɗan bugawa da gudumar roba. Minti ashirin taga ɗaya.

Ta ukun ce ta ƙi shiga. Milimita 5 kacal ta ɗara. Na ce masa, da sauƙin kai irin na ɗan Jos, ai sai a ɗan rage ta. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ba a yanka shi. Ka yanka ka ɓalle danƙon, in kuma mai tauri ne irin na ɗakin yara, ana ɗora masa abin yanka zai tarwatse. Ya amsa cewa shi ya yi kuskuren awo, ya mayar da tsohon, ya sake oda da kuɗinsa, na ƙara jiran kwana takwas. Wannan kam ya burge ni, don bai ce masana'anta ba ne, bai ce ginin ne ya karkace ba. Ya kawo, ya sa, ya miƙo mini garantin shekara 10.

A kwana takwas ɗin nan na yi ta tuna lubar gidanmu na Gangare. Ka tuna ranar da ƙwallonmu ta fasa falle biyu na ɗakin Baba? Bayan mun sha bulala, ya tsinka zaren buhu daidai faɗin tagar ya ɗaure ƙulli, ya ba mu ya ce mu je wurin mai gilashi. Mutumin ya kwantar da gilashi a kan tebur mai shimfiɗe da tsohon bargo, ya ɗora zaren, ya ja abin yankan sau ɗaya ƙiii, ya ɗan danna, ɓas. Ya goge bakin da dutse, ya naɗe mana a takardar siminti. Kafin a kira La'asar taga ta koma yadda take. Ba oda, ba alƙawarin rana, ba takarda. Mai gilashin gida in ya ce maka gobe, wataƙila jibi ce ko gata, kuma in aiki ya lalace kai da shi sai "Allah ya isa", amma abin da yake sayarwa abu ne da kowane lungu akwai mai iya gyara shi. Na nan kuwa ba gyara, sai sauyi, kuma sauyin yana tafiya daidai ne don akwai masana'anta a kusa, akwai mai awo da ya san aikinsa, akwai takardar da za ka riƙe mutum da ita.

Yanzu ga abin da nake so ka tambayi mutumin naka na Abuja. A ina ake liƙe gilashin? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce ga mai gini a Jos. Garinmu yana kan tudu sama da mita 1,200. Ka san yadda kunne ke toshewa in mota ta kama Hawan Kibo, ka kuma ga yadda ledar biskit da aka rufe a Legas take isowa a kumbure. To gilashin da aka liƙe a bakin teku, a Legas ko a wata ƙasa, haka iskar cikinsa za ta kumbura in ya hau tudu, ta riƙa tura fallen biyu waje tana jan danƙon tun ba a ɗora shi a taga ba. Masu yi wa garuruwan kan tsauni suna da dabarar wani siririn bututun shaƙar iska saboda wannan. In ka tambaye shi ya yi maka kallon ban gane ba, ka san inda ka tsaya. Ka kuma tambaye shi, in ɗaya ya yi hazo bayan shekara uku, ko ƙanƙarar damina ta fasa shi, wa zai zo ya auna, daga ina za a kawo, kwana nawa, kuma ya rubuta maka.

Ni dai a ganina, da a Abuja kake ginin, inda na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana ga ƙarar janareta, da kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A Jos sanyin wata biyu ne zuwa uku, kuma mu ba ma ɗumama gida da gas balle mu ce muna tattalin ɗumi. Sanyin da ke hana Hajiya barci ma ba ta jikin gilashi yake shiga ba galibi. Ta ƙarƙashin ƙofa yake shiga, da tsakanin luba da luba, da ratar da birkila ya bari tsakanin firam da bango, da silin da ba a shimfiɗa masa komai ba a ƙarƙashin kwano. Ka sa kyandir kusa da taga cikin dare ka ga yadda harshen wutar ke kwanciya. Taga mai gilashi ɗaya mai kauri, wadda ke rufuwa gam a kan roba, da labule mai nauyi, za ta yi maka rabin aikin ko fiye. In ranka ya biya sai ka sa ruɓi biyun, to ka sa a ɗakin Hajiya da wanda ke kallon titi, ka bar sauran.

Abu ɗaya kuma, don Allah. Duk ɗakin da ka toshe sosai, kada a sake shigar da kaskon gawayi cikinsa a rufe ƙofa. Lubar da muke zagi ita ke ba hayaƙin gawayin da ba a gani, mai kashe mutum cikin barci, hanyar fita waje. A nan ma sababbin tagogi suna zuwa da 'yar kafar iska a sama, don in ka rufe gida ruf, tururin girki da na wanki sai ya zauna a bango ya zama baƙar fumfuna. Uwargida in ta ɗora tuwo, gilashin kicin gumi yake ta ciki sharkaf, amma wannan tsumma na goge shi, ba mutuwa ba ce.

Akwai ɗan unguwarmu da zai taho gida ƙarshen Disamba, zan ba shi naɗin robar liƙe taga guda shida da burushin ƙasan ƙofa biyu. Ka auna mini faɗin ƙofar Hajiya da tef, ba da taku ba, ka turo kafin Juma'a. Ka gaishe ta, ka gaida Anti da yara.