ESP8266 ko ESP32: wanne ya fi riƙe Wi-Fi?

Tambayar da ake yawan yi mini ke nan, galibi daga waɗanda na'urarsu ke karanta zafi ko danshi, can sai ta yanke daga intanet.

Dukansu ƙananan allunan lantarki ne masu haɗa na'ura da Wi-Fi, na kamfanin Espressif, kuma dukansu zangon 2.4 GHz kaɗai suke kamawa. Idan rawutarka na kan 5 GHz, canza allo ba zai yi maganin komai ba. Haka ma ƙarancin wuta: lokacin aika saƙo suna zuƙar lantarki da yawa farat ɗaya, idan kebul ɗin ba shi da kyau sai su sake tashi daga farko. Fara duba wannan tukuna.

A kuɗi, ESP8266 ya fi araha. Sai dai ƙwaƙwalwa ɗaya gare shi, ita ke karanta sensa (abin auna zafi ko danshi), ita ke kula da Wi-Fi. Da zarar umarnin da ka rubuta wa allon ya daɗe yana juyi bai ba ta sarari ba, sai haɗin ya tsinke. Kuma ƙafar analog, wato ƙafar allon da ke auna ƙarfin lantarkin da sensa ke turowa, ɗaya tak ce.

ESP32 na asali yana da ƙwaƙwalwa biyu da Bluetooth, amma yana da nasa tarkon da ya wahalar da mutane da yawa: ƙafafunsa na analog da ke rukunin ADC2 ba sa karatu muddin Wi-Fi na kunne. Mayar da sensar zuwa rukunin ADC1, wato ƙafafu masu lamba GPIO 32 zuwa 39, shi ke nan.

Mai sensa ɗaya da ƙaramin aiki, ESP8266 ya ishe shi. Mai sensa da yawa, ko mai niyyar faɗaɗa aikin gaba, ya ɗauki ESP32.