Kafin ka kashe riyal kan haɗa faifan waƙoƙi

Kawuna yana da wata tsohuwar Camry a Makka, can wajen titin Mansur. Rediyonta bai san fulash ba balle Bluetooth, faifan CD kaɗai yake ci. Bara da aka yi bikin 'yarsa a wata istiraha, wato gidan haya na biki, yara suka ɗauki masu kalangu da waya, shi kuma ya so a haɗa masa wannan da waƙoƙin bege a faifai guda, ya riƙa ji a hanyar Madina. Aka ba wani yaro mai shagon kwamfuta aikin. Da faifan ya dawo, waƙoƙin bege lafiya lau. Na bikin kuwa, muryar zabiya ta yi kauri kamar ta ƙato mai mura, kalangu yana jan ƙafa.

"Kai ɗan nan, zo ka ji," in ji Kawu. "Haka yarinyar nan ta yi waƙa ranar?"

"A'a Kawu, ba laifinta ba ne. Lissafi ne ya ɓaci."

Ga lissafin. Na'ura ba ta ɗaukar sauti a dunƙule, ɗibarsa take yi kaɗan-kaɗan, sau dubbai a kowace daƙiƙa. Faifan CD, tun da Sony da Philips suka tsara ƙa'idarsa a 1980, ɗiba 44,100 yake karɓa a daƙiƙa, a bit 16 (ma'aunin dalla-dallar kowace ɗiba), ba ƙari ba ragi. Wannan baƙon adadi gado ne daga zamanin da ake ajiye sautin dijital a kaset ɗin bidiyo: layi 294, sau 50 a daƙiƙa, ɗiba uku a kowane layi, ka ninka za ka samu 44,100 cif. Bidiyo kuwa, har da wanda yawancin wayoyi ke ɗauka, 48,000 yake amfani da shi. To in aka ɗauki sautin 48,000 aka liƙa masa sunan 44,100 ba tare da an sauya shi da gaske ba, sai ya ragu da gudu wajen kashi takwas cikin ɗari. Waƙar minti biyar ta koma minti biyar da daƙiƙa 26, murya ta sauka ƙasa. Abin da ya samu zabiyar Kawu ke nan.

Irin wannan ɓarnar ba kasafai take faruwa ba yanzu, don kusan kowace manhajar buga faifai tana sauyawa da kanta. Abin dubawa shi ne yadda take sauyawar. Daga 48,000 zuwa 44,100 ba rabi ba ne ko kwata da za a ce a zubar da ɗaya a bar ɗaya. A cikin kowace ɗiba 160 sai an ƙirƙiro sababbi 147, kuma kusan dukansu suna faɗowa ne a tsakanin na asali. Sannan akwai batun tankaɗe. Faifai ba ya iya riƙe siririn sautin da kaɗawarsa a daƙiƙa ta wuce rabin adadin ɗibarsa, wato 22,050. Duk abin da ya haura haka dole a tankaɗe shi tukuna, in ba haka ba juyowa yake yi ya dawo cikin waƙar a matsayin wani sauti da babu wanda ya kaɗa shi. Daga 48,000 abin bai kai ya kawo ba, domin abin da ke juyowa yana tsayawa can sama inda kunnen babba ba ya kaiwa. Amma in daga 96,000 aka sauko da rariya mai ɓula, sautin 30,000 zai dawo a 14,100, wanda kunnen matashi ke ji sarai, wani siririn ƙara-ƙara a kan kacau-kacau da tafi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka zuba fayilolin cikin Windows Media Player ko Nero ko CDBurnerXP ka bar su su yi abin da suka ga dama. In duk waƙoƙinka daga faifai aka kwafo su, ko MP3 ne da tun asali suke 44,100, babu ma abin sauyawa, yi haka ka huta. Matsalar tana zuwa ne in ka gauraya, wannan daga waya, wancan daga YouTube, wancan daga tsohon kaset. Manhajar ba za ta nuna maka abin da ta yi ba, kuma ba za ka iya saurare kafin faifai ya ƙone ba. CD-R kuwa bugu ɗaya ne.

Ni manhajar Audacity nake ba mutane shawara, kuma ba don kyauta ce kaɗai ba. Tun 2013 take amfani da injin sauyi na SoX, wanda masu aikin sauti ke girmamawa. Ka shiga saitunan inganci, ka tabbatar sauyin fitarwa yana kan mafi kyau, ko da shi ne mafi jinkiri. Jinkirin a kwamfutar yau bai wuce ka kurɓi shayi ba. Ka sa adadin fitarwa 44,100, ka fitar da WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, mai bit 16. Abin da ya sa na fi son ta shi ne kana ganin siffar sautin da idonka. Waƙoƙin zamani ana cika su har baki, kuma sauyin ɗiba yakan sa wasu kololuwa su ɗan zarce iyaka, sai ka ji ƙarar tsagewa a wurin da ganga ta fi ƙarfi. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan sauyin, alhali cikar ce. Rage ƙarfin da desibel ɗaya kafin ka sauya, shi ke nan. Ta nan ne kuma za ka daidaita ƙarfin waƙoƙin, don kada Kawu ya ƙure murya saboda tsohon kaset, waƙa ta gaba ta shigo ta firgita Gwaggo a kujerar baya. In asalin sautin bit 24 ne, manhajar tana yayyafa masa wata 'yar ƙura mai laushi da ake kira dita yayin saukowa 16, don sautuka marasa ƙarfi kada su yi kaushi. Bar ta a kunne, amma sau ɗaya ake yi, a ƙarshen aiki.

Mai fayiloli hamsin ko ɗari zai gaji da buɗe su ɗaya-ɗaya. Shi foobar2000 ya fi dacewa da shi: ka zaɓe su duka, ka sa mai sauyin ɗiba, ka sa ReplayGain ya daidaita ƙarfi, ka tafi sallah ka dawo. Akwai kuma r8brain na kamfanin Voxengo, mai sigar kyauta, wanda ba ya komai sai wannan aikin.

Sai na kuɗi, irin su iZotope RX. Kayan aiki ne na gaske, ba na musu. Amma in don sauya ɗiba kawai za ka saye shi, ka ajiye kuɗinka. Bambancin da ke tsakaninsa da Audacity a wannan fannin sai dai na'urar awo ta gani, ba kunnen mutumin da ke gudu 120 a hanyar Hijira ta Makka zuwa Madina da iyakwandishan a kunne ba. Inda yake cin kuɗinsa shi ne wanke tsofaffin kaset daga shuu da ƙara, ga wanda wannan ce sana'arsa.

Wani abu da babu manhajar da za ta gyara shi ne asali mara kyau. Bidiyon da aka tura ta WhatsApp an riga an matse shi, an zubar da wani ɓangare na sautinsa, kuma ɗaga shi zuwa 44,100 ko ma 96,000 ba ya dawo da abin da ya tafi. Da na zo sake faifan Kawu, rabin aikin shi ne bin 'yan'uwa ina roƙon wanda ya ɗauka da wayarsa ya turo min a matsayin fayil, ba a matsayin bidiyo ba. Haka nan kada ka sauya sau biyu, ko ka mayar da shi MP3 a tsakiya sannan ka dawo WAV.

To ina kuɗin zai tafi? Na farko, injin buga faifai mai USB, tunda yawancin kwamfutocin hannu na yanzu sun daina zuwa da shi. Akan samu a shaguna irin su Jarir da eXtra ko ta intanet. Na hannu da ake samu a Haraj, kasuwar gwanjo, ya fi araha, amma idon da ke cikinsa yana tsufa, kada ka biya sai ka buga faifai ɗaya an gwada. Na biyu, faifan kansa. CD-R za ka saya, ba CD-RW ba, domin tsofaffin rediyon mota da yawa ba sa karanta mai gogewa. Ni Verbatim nake ɗauka, kuma ba na bugawa da cikakken gudu, 16x ya ishe ni. Ka tuna faifan sauti da minti ake auna shi: minti 80 ne, ko da fayilolinka ƙanana ne. Zafin Makka kuma yana haura digiri 40 da bazara, cikin motar da aka rufe ya fi haka nesa, kuma rinin da ke riƙe sauti a CD-R ba ya shiri da rana. Ka buga biyu, ka ajiye fayilolin WAV ɗin a kwamfuta.

Wanda ya san zai riƙa ɗaukar biki ko walima don faifai, ƙaramin rikoda irin Zoom H1n ya fi masa kowace manhaja amfani, don yana iya sa shi a 44,100 tun daga farko, babu sauran sauyi. In kuwa da bidiyo za a haɗa, a bar shi a 48,000.

Kafin duk wannan, leƙa fuskar rediyon motar. In an rubuta MP3 a jiki, kana iya zuba fayilolin MP3 yadda suke a faifai a matsayin ajiya, sa'o'i da yawa su shiga faifai ɗaya, kuma yawancin irin waɗannan rediyon suna karanta 48,000 ba gardama. Na Kawu babu wannan rubutun, na duba har da tocilan waya. Sai na sake masa na minti 74 da Audacity, na kai masa bayan la'asar. Ya sa, ya yi shiru har zabiya ta shiga baiti na biyu, sannan ya ce in buga wa Gwaggo nata daban, don ba ta son waƙa ta huɗu.