Bawul da Mahaɗin Bututu a Ƙasar Ƙanƙara: Wanne Ya Dace a Saya?

Wanda ya taso da sanyin hunturu, sannan ya samu gida a Kanada ko arewacin Amurka, yakan ɗauka cewa bawul mai nauyi da tsada shi ne zai raba shi da fashewar bututu. Abin ba haka yake ba. Ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma da zarar ƙanƙara ta toshe bututu, ruwan da ya maƙale tsakaninta da famfon da ke rufe shi ne yake matsuwa har ƙarfe ya tsage. Mutanen jihar Texas ta Amurka sun gani da idonsu a watan Fabrairun 2021, lokacin da sanyi ya sauka a kan gidajen da ba a gina su da tunanin ƙanƙara ba, bututu suka yi ta fashewa a cikin bango da rufi. Saboda haka abin da mai saye zai fara dubawa shi ne ko bawul ɗin yana da hanyar fitar da ruwan da ke cikinsa.

Bawul mai ƙwallo, wato mai hannun da ake karkatarwa sau ɗaya ya rufe, shi ne aka fi saye, kuma ya cancanta, domin yana rufewa ruf ko da ya yi shekaru ba a taɓa shi ba. Sai dai yana da aibin da masu shago ba su cika faɗa ba. Idan aka rufe shi, ɗan ruwa yakan saura a cikin ramin ƙwallon da kewayensa, ba shi da mafita ta gaba ko ta baya. Wannan ɗan ruwan, da bai fi cikin cokali ba, shi ne yake tsaga gefen bawul ɗin tagulla. Tsagar takan yi siririya kamar gashi, ba a ganinta sai ranar da ƙanƙara ta narke, mai gida ya sauka ɗakin ƙasa ya tarar da tabki. Maganinsa shi ne a tsiyaye ruwan layin, a bar hannun a karkace, rabi buɗe rabi rufe. Bawul mai kambu, wanda ake murzawa sau da yawa, yakan cije ko ya riƙa ɗiga idan ya tsufa, don haka ba na ba da shawarar a sa shi a sabon aiki.

Ga layin da ke fita waje, wanda na fi yarda da shi shi ne bawul mai ɗan murfin tsiyaya a gefe. Ana ɗaura shi a cikin gida inda akwai ɗumi. Kafin sanyi ya kama sai a rufe shi, a buɗe famfon waje, a kwance murfin a tara kwano. A lura da kibiyar da ke jikinsa, domin dole murfin ya kasance ta ɓangaren da ke fuskantar waje. Idan aka juya shi, ba zai tsiyaye komai ba.

Akwai kuma famfon waje mai doguwar wuya, wanda ainihin wurin rufewarsa yake can cikin bango. Ana samunsa daga inci 4 zuwa 12 har fiye, kuma kaurin bango ne zai nuna tsawon da za a saya. Yana aiki da sharaɗi biyu: a ɗan karkatar da shi ƙasa ta waje don ruwa ya zube, sannan a cire tiyo kafin sanyi. Tiyon da aka manta a jikinsa yakan riƙe ruwa a wuyan, ya fashe a cikin bango, kuɗin da aka ƙara ya tafi a banza.

Batun bututu da mahaɗi kuwa, PVC da CPVC, wato bututun roba marasa lanƙwasuwa, sukan yi tauri a sanyi, su tsage a tsaye. Jan ƙarfe yana da ƙarko, amma ba ya miƙewa sosai, yakan kumbura ya yage. PEX, wato bututun roba mai lanƙwasuwa, shi ne ya fi haƙuri, domin yakan ɗan buɗe sannan ya koma, sai dai gwiwa da sauran mahaɗan da ke jikinsa, na tagulla ne ko na roba mai tauri, ba sa buɗewa tare da shi. Shi ya sa ya fi kyau a ja layi guda mai tsawo, a lanƙwasa shi a hankali, a rage mahaɗai a gareji da bangon waje.

A wajen zaɓen tagulla, a guji mai arha wanda ba shi da nauyi a hannu. A Ingila ana buga CR ko DZR a jikin wanda ruwa ba ya cinye tutiyar cikinsa, a Amurka kuma tun 2014 doka ta taƙaita dalma a kayan ruwan sha zuwa kashi 0.25 cikin ɗari, don haka a duba alamar kafin a biya kuɗi.