Motar lantarki: a cikin gari sai hamdala, a babbar hanya sai addu'a

Bari in fara da abin da ya sa har yau ban sayar da motar nan ba, kafin in shiga abin da ya sa na kusa sayar da ita. A cikin gari ba ta da tsara. Batirinta kilowat-awa 60 ne, wato yunit 60 na wutar da mita ke ƙirgawa, kuma zirga-zirgar da nake yi ta yau da kullum, kai yara, zuwa aiki, ɗan zagaye da yamma, ba ta wuce cin kilowat-awa 13 zuwa 14 a kowane kilomita 100. Cunkoson da a da yake shanye min mai ina ji ina gani, yanzu ko a jikina, domin idan motar tana tsaye kusan ba abin da ke cin wuta a cikinta sai esi. Idan ka ɗaga ƙafa daga totur kuwa, motar da kanta ke rage gudu tana mayar da wuta cikin batir, har sai ka ga lambar da ke allo ta ƙaru a gangara. Birkina na ƙafa ya zama ɗan hutu. Ga tashi: da ka taka ta tafi, ba jiran giya, ba ƙugi, sai dai ka ji bayanka ya manne da kujera. Farkon hawa har uwargida ta ce, "Baban yara, ka tabbata a kunne take?"

To wannan daɗin ne ya sa na amince da lambar da mai sayarwa ya nanata min har ta zauna a kaina: kilomita 500 da ɗoriya a caji ɗaya. Ya faɗa da baki, ya nuna min a takarda, sannan ya kunna motar ya nuna min a allo. Shaida uku kenan, me ya rage?

Ranar da tafiya mai nisa ta kama mu, na kwana ina caji, muka tashi batir a cike fal. Wurin cajin farko da ke kan hanyarmu yana wajen kilomita 300 daga gida. A lissafina za mu isa da sauran kusan 200 a aljihu, don haka ko tunanin abin ban yi ba. Hanya ta buɗe, na ɗora ta a kan 120, esi na aiki, yara na baya suna rigimar wa zai zauna kusa da taga. Motar kuwa lafiya lau, ko girgiza babu, ita kanta ke jan ka ka ƙara wuta.

Bayan kamar awa guda idona ya sauka a kan allo, gabana ya faɗi. Tafiyar da muka yi ba ta wuce kilomita 120 ba, amma fiye da kashi 40 na batirin ya tafi. Na duba wurin da ke nuna cin wuta, na ga 22 a inda na saba ganin 13. Na sake dubawa ko idona ne. Na yi lissafi a zuci, na ga idan na ci gaba a haka batirin zai mutu kafin mu ga wurin cajin, a tsakiyar hanya, da mace da yara, kuma wannan ba motar da za ka ɗauki galan ka tare mai babur ya kai ka gidan mai ba ce. Idan ta tsaya, sai motar ja.

Ban ce wa kowa komai ba, na dai sauko zuwa 90. Na kashe esi na ɗan lokaci in gani, lambar ba ta wani motsa ba, sai zufa da muka fara, na mayar da shi. Rage gudun ne ya yi aiki: a hankali cin wutar ya sauko wajen 16. Sai dai tafiyar ta canza kama gaba ɗaya. Tirelolin da na wuce ɗazu da taƙama suka dawo suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, wani direban har da leƙowa. Uwargida ta lura da yadda nake satar kallon allo fiye da titi, ta ce, "Lafiya dai?" Na ce lafiya. Ta ce, "Wannan lafiyar taka ba ta yi kama da lafiya ba." Daga nan mota ta yi tsit, har yaran suka daina rigima. Duk hawan da muka tunkara sai in ga kaso ɗaya ya faɗi, duk gangara sai in ɗaga ƙafa ina roƙon ta mayar min da ko rabinsa. Muka isa wurin cajin da ƙasa da kashi 10, alamar batir ta koma ja, tafin hannuna ya jiƙe a kan sitiyari.

Na ɗauka wahala ta ƙare. A jikin cajar an rubuta kilowat 150 da manyan baƙaƙe, kuma mai sayarwa ya ce min rabin awa ta isa. Na jona, ta yi 'yan ƙararrakinta, allo ya nuna 40 da 'yan kai. Na jira ta hau, ba ta hau ba. Na kira yaron da ke kula da wurin na ce masa cajarsu ta lalace. Ya zo ya duba, ya ce, "Yallaɓai, caja lafiyarta ƙalau. Motarka ce ke faɗa mata abin da za ta iya karɓa. Kuma ka ga wancan da ya jona a ɗaya bakin, raba wutar kuke yi." Ya taɓa gefen motar ya ƙara da cewa batirin da ya sha doguwar tafiya cikin rana yakan yi zafi, idan ya yi zafi kuma motar da kanta ke rage shan wuta don kada ya lalace. Yaron nan a minti biyu ya faɗa min abin da wanda ya karɓi kuɗina bai faɗa ba.

Da ta kai kashi 80 sai abin ya ƙara lalacewa, lambar ta riƙa sauka har ta koma tafiyar hawainiya. Ashe haka batirin lithium yake, kamar ɗura ruwa a kwalba, idan ta kusa cika dole ka sassauta hannu. Ni kuma bayan tsoron da na sha ba zan iya tashi da 80 ba. Rabin awar ta zama fiye da awa guda, yara sun gaji sun yi barci, uwargida ta juya fuska gefen taga. A zaune a wurin na ciro takardar motar daga aljihun gaba na bi ƙananan rubutun da ke ƙasa. Rabin awar tana nan, gaskiya ne, amma daga kashi 30 zuwa 80. Iyakar abin da motar ke karɓa a caja mai sauri kuma bai kai ko kusa da 150 ba. Kusa da lambar nan ta 500 kuwa ga wasu haruffa huɗu a manne, CLTC.

Da na dawo gida na bi diddigin haruffan. CLTC gwajin ƙasar Sin ne, ana yin sa a ɗakin gwaji, motar na kan na'ura tana juya tayoyi a wuri ɗaya. Matsakaicin gudunsa wajen kilomita 29 ne a awa, mafi girman gudun da ake kaiwa 114, shi ma na ɗan lokaci. Wato gwaji ne na mai yawo a cikin gari. Turai na da nata, WLTP, da aka fara aiki da shi a 2017, matsakaicin gudunsa 46.5, a yanayin zafi na digiri 23, esi a kashe. Na Amurka, EPA, shi ya fi tsanani, lambarsa takan fi kusa da abin da za ka gani a titi. Mota ɗaya, batir ɗaya, za ta iya ɗaukar lamba uku daban-daban, kuma kowa ya san wadda mai sayarwa zai zaɓa ya buga a takarda.

Dalilin da gudu ke cinye ta haka shi ne iska. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi: daga 90 zuwa 120, ƙarfin da iska ke tura motar baya yana ƙaruwa da kusan kashi 80 cikin ɗari. Motar fetur ma tana shan wannan, sai dai ba ka ji sosai, domin ita dama tana zubar da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin manta a zafi da hayaƙi, kuma tankinta na ɗauke da ƙarfi mai yawan gaske. Lita ɗaya ta fetur tana da ƙarfin da ya kai kusan kilowat-awa 9. Batirina gaba ɗayansa bai kai ƙarfin lita 7 ba. Abin mamaki ne a ce da wannan ɗan abin take yin kilomita 400 a gari, kuma wallahi duk da haushina sai da na jinjina mata da na gane haka. Amma wanda guzurinsa kaɗan ne, duk abin da aka ɗiba sai ya gani.

Na kira mai sayarwa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Haba ranka ya daɗe, ai tuƙi ne. Kowa da ƙafarsa." Na ce masa ƙafata ce ta rubuta 500 a takarda? Ya yi dariya, ya ce in riƙa saka ta a yanayin tattali. Wannan dariyar ta fi tafiyar kanta ƙona min rai. Da ya ce min tun farko, ga abin da za ta yi a gari, ga abin da za ta yi a babbar hanya, da zan saya duk da haka, in tsara tafiyata da sanina.

Cajin gida dai, in faɗi gaskiya, ya fi yadda na zata sauƙi. Wayar da ta zo da motar ana soka ta a soket na gida, tana jan wajen kilowat 2.3. Idan batir ya ƙare ƙaf, cika shi da wannan zai haura awa 26, kuma wajen kashi 10 na wutar da mita ta ƙirga yana ɓacewa a hanya, bai shiga batir ba. Sai dai ba wanda ke ƙarar da batir kullum. Mai tafiyar kilomita 40 a yini bai ci fiye da kilowat-awa 6 ba, awa uku ta mayar masa. Matsalar da na gani ita ce soket ɗin, wanda ba a yi shi don ya kwana yana jan wuta haka ba. Wata safiya na cire filogin na ji shi da zafi, robar gefen ramin ta fara canza launi. Mai wayarin ya ja min layi daban daga mita, ya kafa cajar bango mai kilowat 7, wadda ke cika batirin a cikin awa tara ko makamancin haka. Tun daga nan sai in jona da dare in tashi da safe in tarar da ita a shirye, na manta rabon da in tsaya a gidan mai, ba juye, ba fulogi, ba salansa. Batirin nawa irin LFP ne, wato na lithium da aka haɗa da ƙarfe da fosfet, littafin motar ma ya ce a riƙa cika shi ɗari bisa ɗari lokaci-lokaci don ma'aunin ya daidaita, saɓanin masu NMC, wato batir mai nikel da manganis da kobalt, da ake ba su shawarar tsayawa a 80 a ranakun da ba tafiya.

Amma ita cajar bangon nan, lokacin ciniki ce min aka yi tana cikin kuɗin mota. Ranar ɗauka sai aka ce ai waccan garaɓasa ce ta watan jiya. Na saya da kuɗina. Haka kuma bakin cajin. Duniya ba ta haɗu a kan baki ɗaya ba: Turai na amfani da CCS2, Sin na da GB/T, tsofaffin motocin Japan na da CHAdeMO, Amurka kuma kamfanoni da yawa sun koma bakin Tesla. Tawa ta zo da bakin ƙasar da aka ƙera ta, wasu cajojin kan hanya kuma ba irinsa suke da shi ba, sai da adafta. Ranar nan da muka isa da batir a ja, sa'a kawai muka ci bakin ya dace. Da bai dace ba, ban san me zan ce wa uwargida ba.

Yanzu idan doguwar tafiya ta taso, kilomita 250 nake ba ta a lissafi, ba na wuce 100 a gudu, kuma sai na tabbatar da irin bakin cajar da ke gaba kafin in bar gida. Idan tafiyar ta gaggawa ce, aron motar ƙanina nake yi, yana min tsiya ina haɗiyewa. Adaftar da mai sayarwa ya yi alkawarin aiko min a matsayin ban haƙuri kuwa, duk lokacin da na kira sai ya ce tana kan hanya.